Abin da ya rage a bango bayan an ɗaye takarda

Ɗakin da na yi wa wannan aiki bangonsa iri biyu ne. Uku na bulo ne da aka yi wa filasta, na huɗun kuwa, wanda ya raba shi da ɗakin da ke kusa, allon jifsam ne, irin allon nan mai farin gari a ciki da takarda a fuska. Duka an lulluɓe su da takardar ado mai fuskar roba, wadda ta daɗe har ta soma buɗe baki a mahaɗa. Ɗaye ta bai wahalar da ni ba. Fuskar robar da hannu ta riƙa tasowa falle-falle, ta bar wata siririyar takarda manne da bango. Ita kuma na jiƙa ta da ruwan ɗumi, na bar ta ta sha na kamar minti 15, na bi ta da ƙarfen kankara tana zubowa. Da na kwashe tarkacen na duba daga bakin ƙofa, bango ya yi fes, ka ce a ɗauko rola kawai a fara shafa fenti. Sai dai aikin da ke tsakanin wannan lokaci da buɗe gwangwanin fenti ya fi cire takardar cin lokaci nesa ba kusa ba.

Gam ne ke nan kwance, ido ba ya ganinsa. Yawancin gam ɗin da ake manna takardar bango da shi daga sitaci ake yin sa, ko daga wani sinadari da ake sarrafawa daga ɓargon itace, kuma da gangan aka yi shi ya zama mai narkewa a ruwa, don a iya cire takardar wata rana. In ya bushe ba shi da wani launi na a zo a gani. Fentin ɗaki na yau da kullum kuwa, wato emolshan, ruwa ne tushensa. Da zarar ka shafa shi a kan busasshen gam, ruwan da ke cikin fentin zai tashe shi, su cakuɗe. A nan take za ka ji rola tana ja, fenti yana dunƙulewa. In ma ya kwanta lafiya a ranar, yana bushewa sai ya tsattsage ƙanana-ƙanana, ko kuma bayan 'yan watanni ya soma ɓamɓarewa daga inda gam ya fi kauri. Shi ya sa ban yarda da idona ba. Na fesa ruwa a wani wuri mai faɗin tafin hannu, na jira kamar minti ɗaya, na shafa. Santsi na ji kamar na jiƙaƙƙen sabulu. Na gwada a sama, na gwada a ƙasa, na gwada kusa da taga, duk labarin ɗaya ne. Akwai kuma masu ɗiga aidin da aka tsarma da ruwa: in gam ɗin na sitaci ne, wurin zai koma shuɗi mai duhu. Amma wannan gwaji ba ya kama ɗaya nau'in gam ɗin, don haka tafin hannu ya fi mini.

Kafin in taɓa ruwa da yawa na kashe wutar ɗakin daga babban akwati, ba daga makunnin bango kawai ba, na kwance murafun soket na toshe su da salatif. Ruwan da ke gangarowa a bango soket yake nufa kai tsaye. Na shimfiɗa leda a ƙasa, na manne bakinta da katakon gindin bango, sannan na ɗora tsofaffin tsummoki a kai. Ledar ita kaɗai haɗari ce, domin ruwan gam in ya zuba a kanta ba a iya taka ta, balle mutum yana hawa tsani yana sauka.

Wankin kansa bokiti biyu yake so. Ɗaya na ruwa mai zafi daidai yadda hannu zai jure, da ɗan sabulun wanke kwanuka da ɗan ruwan khal, ɗaya kuma na ruwa zalla don ɗauraya. Ana sayar da maganin narkar da gam na musamman, wasu ma da sinadarin da ke cinye sitaci, kuma suna aiki, amma a bangon filasta ruwan zafi da haƙuri sun wadatar. Daga sama na fara, ina ɗaukar fili kamar mita ɗaya a tsaye da mita ɗaya a kwance. In jiƙa da soso, in ba shi 'yan mintoci, sai in ga fuskar bangon ta soma ƙyalli. A nan ne ƙarfen kankara ke da amfani fiye da soso. In ka kwantar da bakinsa ka tura sama, gam ɗin zai taru a kansa, wani abu mai yauƙi ruwan toka, sai ka goge a jikin tsohuwar jarida ka jefar. In ka ce da soso kaɗai za ka yi, yaɗa shi kawai kake yi daga nan zuwa can, kana mayar da shi cikin bokiti, kana sake ɗebo shi. Bayan kankara sai gogewa da soso mai ɗan kaushi, sai ɗauraya, sai tsane ruwan da busasshen tsumma. Ruwan ɗauraya da ya soma gurɓata na zubar na sake, ban tsaya jiran ya yi fari ba.

Gam ba ya kwanciya daidai a ko'ina. Ya fi taruwa a can sama inda bango ya haɗu da silin, da cikin kusurwoyi, da gefen ƙofa da taga, wato duk inda mai mannawa ya ji tsoron kada takarda ta ɗago ya ƙara lafta shi. Sai kuma mahaɗa. Faɗin takardar bango da aka fi sani kusan santimita 53 ne, don haka duk bayan wannan tazara sai na tarar da layi a tsaye daga sama har ƙasa, mai kauri fiye da sauran wurin. A wasu layukan ma wani ya taɓa gyara bakin takardar da ya buɗe da farin gam irin na kafinta, wanda in ya bushe ruwa ba ya narkar da shi cikin sauƙi. Shi wannan sai da na daɗe ina jiƙa shi ya yi laushi, na kankare abin da ya kankaru, sauran na bar wa sanfefa.

Ina cikin wannan ne wani dattijo da ya daɗe a sana'ar fenti ya leƙo, ya ga bokitai da tulin jarida. Ya ce, "Ɗana, wanke-wanken nan ya isa haka. Ka shafa masa fentin mai ya rufe komai, ka huta." Na ce, "Baba, na ƙasa zai rufu, amma zo ka taɓa na sama." Ya miƙa hannu ya shafa layin da ke gindin silin, ya ji tudun, ya ce, "To, wannan kam sai ka cire." Maganarsa tana da gaskiya a ciki. Shimfiɗar fentin mai, wato shafar farko da ake yi wa bango kafin ainihin fenti, ba ta da ruwan da zai tashe gam, don haka tana danne ɗan abin da ya saura bayan wanki. Abin da ba ta iya yi shi ne ta baje tudu. Duk inda gam ya yi kauri zai fito ta cikin fenti da siffarsa, har sawun buroshin wanda ya shafa shi shekaru da suka wuce. Ni a ganina ba zaɓi ba ne tsakanin wanki da shimfiɗa, duka biyun ake yi, kowanne da abin da yake magancewa.

Bangon jifsam ya sha bamban. Fuskarsa takarda ce, kuma ruwa abokin gabarta ne. Wanda ya manna takardar ado tun farko bai shafa wa allon komai ba kafin ya manna, don haka a wurare da dama takardar adon ta taso da farar fuskar allon, ta bar wata takarda ruwan ƙasa mai gashi-gashi a fili. A wannan bango na rage ruwa sosai. Soso nake matsewa har sai ya daina ɗiga, in goge ƙaramin wuri, in tsane nan take. Ƙarfen kankara ma sai da na goge kusurwoyinsa biyu da sanfefa suka dakushe, domin kaifinsu ne ke huda allo.

Wuraren da suka yage kuma suna da nasu tsari, wanda in aka tsallake mataki ɗaya a ciki sai an dawo baya. Da farko na sa wuƙa mai kaifi na zagaye kowane yagaggen wuri, na yanke duk bakin da ya ɗago har zuwa inda takardar ke manne da kyau. Ba a jan sa da hannu, domin yagewar gaba za ta yi ta ci. Na ɗan bi gashin da sanfefa mai laushi. Sannan na shafa abin rufewa kafin in sa fila, wato kwaɓin da ake cike rami da tsaga da shi. Dalili shi ne fila da ruwa ake kwaɓa ta, kuma wannan takarda ruwan ƙasa falle-falle ce a kan juna. Tana shan ruwa sai ta kumbura ta yi ƙuraje a ƙarƙashin filar, ka goge ka sake cikawa ta sake kumbura. Abin rufewar yana iya zama shimfiɗar fentin mai, ko mai shalak (wani irin ƙaro mai saurin bushewa), ko irin ruwan nan mai shiga cikin takarda ya ƙanƙame ta, kamar Gardz na kamfanin Zinsser. Da ya bushe, gashin nan ya sandare, in ka shafa yatsa ka ji shi da tauri. Inda na ga ɗan kumburi bayan haka, na yanke shi na sake shafawa.

A ƙarƙashin taga na tarar da ɗige-ɗigen baƙi, fumfuna. Takarda mai fuskar roba ba ta barin bango ya yi numfashi, ga kuma gam na sitaci wanda fumfuna ke rayuwa a kai, don haka da danshi ya samu hanya sai ta yi gida a ɓoye. Goge baƙin ba shi ne farko ba, gano inda ruwan ke shigowa ne. Na fita waje na duba, na ga tsaga a bakin tagar inda ruwan sama ke kwanciya, na toshe ta. Daga ciki kuma na wanke wurin da bilic da aka tsarma, kofi ɗaya cikin ruwa kusan lita 4, taga a buɗe, safar hannu a hannu. A nan akwai abin lura ga duk wanda ya sa ruwan khal a wankinsa: ba a haɗa shi da bilic, haka ma duk wani abin wanki mai amoniya, domin iskar da ke tashi guba ce. Sai da na ɗauraye wurin da ruwa zalla ya bushe kafin in kawo bilic kusa, kuma da wani bokiti dabam. Don in tabbatar danshin ya tsaya, na manna yankin leda a wurin na rufe gefunansa huɗu da salatif, na bar shi ya kwana ya wuni. In raɓa ta taru ta cikin ledar, bango ne ke fitar da ruwa, kuma fenti ba zai zauna ba sai an magance. Nawa ya fito a bushe. Da a jikin allon jifsam fumfunar ta shiga ciki, da yanke wurin zan yi in sa sabon yanki. Wani lokaci kuma abin da ake gani a bangon bulo farin gari ne mai kama da gishiri; shi da busasshen buroshi ake kakkaɓe shi, in aka wanke da ruwa narkewa yake ya koma ciki ya sake fitowa.

Daga nan sai jira. Bangon da aka wanke yana buƙatar aƙalla awa 24 ya bushe, in iska ba ta zagayawa ko lokacin damshi ne har 48 ko fiye. Na buɗe tagogi na kunna fanka daga soket ɗin wani ɗaki.

Duba lahani da dare na yi shi, da tocila. In ka haska bango daga gaba, komai lafiya yake. In ka kwantar da tocilar a jikinsa hasken ya bi fuskarsa a kwance, kowane ɗan rami zai yi inuwa, kowane tudu zai miƙe. A nan na ga sawun ƙarfen kankara, da ramukan ƙusa, da wata siririyar tsaga da ta taso daga kusurwar ƙofa ta nufi silin, da 'yan guntayen takarda da ba su kai farce ba, waɗanda suka maƙale suka bushe da launin bango. Duk abin da na gani na zagaye shi da fensir. Fensir fa, ba biro ko maka ba, domin tawada tana ratsa fenti ta fito ko an shafa sau nawa. Na kuma bi bangon filasta ina ƙwanƙwasawa da ƙotar ƙarfen. Inda filasta ke riƙe da bulo sautin a cike yake, inda ta saki kuwa sai ka ji kwas-kwas. Wuri ɗaya na samu haka kusa da ƙasa, na fasa shi har inda ya yi ƙarfi, don fila a kan filastar da ta saki ba ta da abin kamawa.

Tsaga ba a cika ta yadda take. Na sa bakin ƙarfe na ƙara buɗe ta, ta yi faɗi a waje ta tsuke a ciki, na kakkaɓe ƙurar, na ɗan jiƙa ta don kada busasshiyar filasta ta zuƙe ruwan filar tun ba ta kama ba. Fila iri biyu na yi amfani da su. Ta gari, wadda ake kwaɓawa, tana sandarewa cikin ƙayyadajjen lokacin da aka rubuta a jikin buhu, wata minti 20, wata 45, wata 90, ba ta cika raguwa ba, kuma ita ta dace da rami mai zurfi. Amma kaɗan-kaɗan ake kwaɓa ta, in ta soma tauri a kwano ta tashi daga aiki, ƙara ruwa ba ya dawo da ita. Ta bokiti, wadda ta zo a kwaɓe, sai ruwanta ya ƙafe take bushewa, tana ɗan lotsawa, amma ta fi daɗin gogewa, don haka ita ce ta shafar ƙarshe. Rami mai zurfi hawa-hawa na cika shi, ina barin na farko ya kama. Robobin da ake cusa wa sukurori kuma na zare su da filaya, waɗanda suka ƙi fita na tura su ciki na rufe. A kusurwar da allon jifsam ya haɗu da bulo na sa tef kafin fila, saboda kayan biyu ba sa motsi tare, kuma fila zalla a irin wannan wuri sake tsagewa take yi.

Bangon jifsam ɗin facinsa ya yi yawa har na ga gara a shafe shi gaba ɗaya da siririyar fila, da ƙarfe mai faɗin kamar santimita 30. Dabarar ita ce ka shafa ka kuma kwashe kusan duk abin da ka shafa, abin da ya rage a ramuka shi ake so. Duk kaurin da ka bari, da hannunka za ka goge shi daga baya, kuma ƙurar a huhunka da idonka za ta ƙare.

Kafin gogewa akwai tambayar da ya kamata a yi: mene ne a ƙarƙashin takardar? In tsohon fenti ne a tsohon gida, yana iya ƙunsar dalma, kuma ƙurarta tana cutar da ƙwaƙwalwar yara ƙanana da mata masu ciki. Amurka ta hana fentin gida mai dalma a 1978, ƙasashe da yawa kuma sun daɗe bayan nan ba su hana ba. Ana samun 'yan kayan gwaji da ake gogawa a bango su canza launi in akwai ta. In akwai, ba a goge shi a bushe. Nawa filasta ce zalla a ƙasa, don haka na ci gaba. Sanfefa mai lamba 120 na fara da ita a kan faci, na gama da mai lamba 180 zuwa 220, kullum a naɗe jikin ɗan katako mai baje, domin yatsu zalla rami suke haƙawa a fila. Takunkumi a hanci, ƙofa a rufe. A kan allon jifsam hannu da sauƙi, kada a sake cinye takardar da aka sha wahalar gyarawa. Ƙurar kuma sai da na share ta daga sama zuwa ƙasa, na bi da tsumma mai ɗan danshi kaɗan. In ya jiƙe sosai zai narkar da filar bokiti ya bar sawu.

Sai shimfiɗa, wadda masu fenti ke kira firaima. A irin wannan bango aiki uku take yi: ta danne ragowar gam, ta hana tabo ratsowa, ta kuma daidaita yadda bango ke shan fenti. Na ukun nan mutane sun fi raina shi. Fila tana shan fenti fiye da filasta, don haka in babu shimfiɗa kowane faci zai fito a dushe a tsakiyar bango, ko da launin ɗaya ne. Na zaɓi ta mai, na buɗe ko'ina saboda wari, na kuma nisanta duk wani abu mai wuta. Wurin da na fasa na sake yi da siminti ne kaɗai na ware. Sabon siminti yana da kaifin da ke lalata fentin mai, yana kuma buƙatar kusan kwana 28 kafin ya nuna, don haka shi sai da lokacinsa ya cika na shafa masa shimfiɗar da aka yi don jure wannan kaifi.

Da shimfiɗar ta bushe bango ya zama launi ɗaya, sai wasu lahanin da ɗige-ɗigen faci suka ɓoye suka bayyana. Na sake zagayawa da tocila da fensir, na cike, na goge, na ɗiga shimfiɗa a kan kowane sabon faci. Ratar da ke tsakanin bango da katakon ƙasa da gefen ƙofa na toshe ta da abin liƙi na akrilik, ba na silikon ba, domin fenti ba ya kama silikon. Na kuma manna salatif a wurare dabam-dabam, musamman kan tsofaffin layukan mahaɗa, na danna na fizge. Bai taso da komai ba.

Fenti marar ƙyalli na zaɓa, saboda mai ƙyalli yana tona duk ɗan abin da ya rage, musamman a bangon da hasken taga ke bi ta gefe. Shafar farko ta kwanta ba tare da rola ta ja ba. A saman ƙofa ne kawai wani tabo ruwan ƙasa mai faɗin yatsa biyu ya sake leƙowa bayan fentin ya bushe. Ƙara masa emolshan ba zai hana shi fitowa ba, don haka na shafa masa shimfiɗa mai shalak, wadda ke bushewa cikin kamar awa ɗaya, sannan na yi shafa ta biyu a kan bangon gaba ɗaya.